Lissafin Albasa

Malam Hamajoda ya ce in zaɓi tambaya ɗaya tak,
ƙarama, wadda za ta shiga aljihu.
Ni kuwa da buhu na zo masa:
bashin ƙasashe, makomar sefa, talaucin nahiya.
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya ce, "Wata bakwai gare ka, ba shekara saba'in ba."
Haka na sauko daga duniya
na faɗa cikin albasa.

Me ya sa manomin Miskin
yake sakin buhu a jaka takwas cikin bazara,
alhali in ya jira ƙarshen damina
sai ya kama arba'in?
Amsar tana cikin littafina tun kafin in hau babur:
ba su da labarin kasuwa.
Har layi biyu na ja mata da jan biro.

Takardun tambaya tamanin na buga a Domayo,
kuɗin daga keken ɗinkin babana suka fito,
riga huɗu da wando.

Baffa Siddiki na tarar bakin rijiya,
laka har gwiwa, injin ban-ruwa yana tari.
Ban gama gaisuwa ba
ya zaro waya mai fasasshen gilashi
ya karanto mini farashin Marwa da Garwa,
na Kusiri, na Yawunde, har na jiya da yamma.
Jan layina ya ji kunya a cikin jaka.

Ya ja ni rumfa. Ya ce, "Shaƙa."
Na shaƙa, hawaye ya zo.
"In na ajiye goma, laima za ta ci huɗu.
Man da injin nan ya sha tun kaka
bashi ne, kuma mai shi ba ya karɓar gobe."

Dada Asta mai kasa albasa a gindin dalbejiya
ta sa aka karanta mata gurbin riba a wata,
ta yi dariya har ɗankwali ya zame.
"Wace ribar, ɗan boko? Ta safe ko ta la'asar?"
Na bar gurbin fari fat.

Sittin da uku suka dawo.
Ruwa ya jiƙa wasu, wasu an ƙi ni,
ɗaya akuya ta ci, da sa hannu da komai.

Dare bayan dare, na'urar aro,
wuta ta zo, wuta ta tafi,
sauro yana duba aikina ta bayan kunne.
Ɗigo-ɗigon sun ƙi bin layi.
Akwai guda can sama shi kaɗai,
kamar baƙon da ya ƙi zama a tabarma.
In na goge shi, zane zai yi kyau.
Na duba lamba: arba'in da ɗaya. Baffa Siddiki.
Yatsana ya daɗe a kan maɓalli.
Na bar shi.

Ranar kare aiki, malamai uku, fanka ɗaya,
kwat ɗin aro ta matse mini hammata.
Wata ta ce, "A taƙaice, me ka gano?"
Bakina ya bushe kamar Mayo Kaliyawo cikin rani.
Na ce, "Jira ma saya ake yi,
kuma ba kowa ke da kuɗinsa ba."
Malam Hamajoda bai ɗago ba,
amma na ga biro ya motsa.

Na kai wa Baffa kwafi ɗaya,
shafi hamsin da shida, da Faransanci.
Ya auna shi a tafin hannu yadda yake auna kaya,
ya ce bai kai rabin kilo ba.
Ya cika mini leda da manya-manya,
sannan ya ce, "Ka sa warin a ciki?"

Na ce babu gurbinsa.
Ya ce, "To, da saura."